Kawu Sale da Ƙishin Ganyen Koko

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Biafra ya san ba ya wuce shuka bai juya ganyenta ya leƙa bayansa ba. 'Yan'uwansa duk mahauta ne, shi kaɗai ya fanɗare ya shiga labo, wato ɗakin binciken kimiyya, yana auna sinadarin da tsiro ke fitarwa idan ya ji ƙishi. Abokan aikinsa niƙe ganyen suke yi gaba ɗaya su auna. Shi ya ce wannan kamar ka tara mutanen unguwar Adjamé ne ka ce cikinsu ɗaya. Ƙwayar halitta ɗaya-ɗaya yake so ya auna, cikin masu buɗe ƙofofin numfashin ganye, don a gane ƙishin koko tun bai yi yaushi ba. Shekara da shekaru ana yi masa dariya.

Abin da ke kamo sinadarin kuwa garkuwar jiki ce daga jinin zomo. Zomon nan a tsakar gidanmu ya zauna yana ƙiba. Ranar da Kawu Audu mahauci ya ɗaga shi yana jinjina nauyinsa, Kawu Sale ya ce, "Ajiye shi, Audu. Collègue ɗina ne, abokin aikina, kuma ya fi ka zuwa aiki."

A gida yake renon shukokin, wai bai yarda da kowa a labo ba. Dole ya hana su ruwa kwana biyar kafin awo. Sau uku awon yana nuna ba su da ƙishi ko kaɗan. Ya zargi firij ɗin da yake ajiye kayan awo, ya zargi zomo, har ya rame. Ashe mahaifiyata ce, Inna, yayarsa, take bi da buta bayan alwala tana shayar da su. Da ya kama ta, ko a jikinta. Ta ce ba da ita za a tsaya gaban Allah kan abin da ƙishi ya kashe a gidanta ba. Ni har kuka na yi don haushi, wata shida fa a banza! Shi kuwa ya sa aka yi musu keji da kwaɗo, ya koma farko.

Awon ya fito yadda yake fata lokacin da wani ciwo da ya kama shi ya riga ya ci ƙarfinsa. A gadon asibiti ya miƙa wa Inna takardar, ita da ba ta san boko ba. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To Sale, yanzu in ba su ruwa?"

Ya ce, "Ba su, Yaya. Sun gama aikinsu."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.