Ƙusoshi Bakwai a Gindin Reshe

Makon jiya na ɗora tukunya a wuta, na jefa wata saiwar itace a ciki. Da ruwan ya tafasa, sai wani ƙamshi ya tashi mai kama da na jiƙaƙƙiyar ƙasa gauraye da ganyen shayi. Maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko maganin shawara nake dafawa. Ni kuwa ƙamshin ya riga ya mayar da ni tsakar gidanmu na Unguwar Kanawa a Kaduna, ina ɗan shekara tara.

Kakana na wajen uba kafinta ne. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya bar wa 'ya'yansa shago, ya haɗa wa kansa akwatin gilashi, ya zuba yashi da ruwa da ƙananan kifaye masu jan wutsiya, ya girke shi a zaure. Ni nake ba su abinci, ni kuma nake zama jikin gwiwarsa bayan la'asar. Haka muke har daminar da Goggo ta zo jinya daga Katsina tare da 'yarta, taubashiyata, wadda ta girme ni da wata huɗu kacal. Ba ta yi kwana uku ba Kaka ya fara kiranta amaryarsa, ni kuwa na koma tsohon maigadi. Duk gidan aka yi dariya, ban da ni.

Da ruwan kogi ya janye bayan damina, Kaka ya kai mu gaɓa neman itacen da zai ƙawata akwatin. Ya hana mu ɗaukar ɗanye, ya hana mu ɗaukar ruɓaɓɓe wanda farce ke shiga jikinsa. Na zaɓi wani farin reshe mai kama da ƙahon barewa. Ita kuwa ta jawo wata baƙar saiwa dunƙulalliya, mummuna. Ya auna su a tafin hannunsa, sannan ya ce, “Akwatin ba zai ɗauki biyu ba. Wanda ya riga nutsewa da kansa, shi zai shiga.”

Mai karatu, kada ka ɗauka wanke itace ƙaramin aiki ne. Muka kankare ragowar ɓawo da wuƙa, muka goge kowane lungu da buroshi, ba tare da sabulu ba, domin Kaka ya ce sabulu guba ne ga kifi. Daga nan aka dafa su wajen awa uku don ƙwarin da suka ɓuya a ciki su mutu. Kakata tana tsaye a kanmu tana mita: “Shekara arba'in ban taɓa ganinka a gindin murhu ba, Malam, sai yau da ka tashi dafa itace!” Bayan dahuwa, kowane itace ya samu bahonsa da dutsen danne shi. Kullum da safe mu zubar da ruwan da ya rine kamar shayi, mu zuba sabo, mu ɗaga dutsen mu gani.

A mako na uku saiwarta ta fara tsayawa a tsakiyar ruwa. Nawa kuwa, da zarar na ɗaga dutse sai ya taso a hankali ya kwanta a sama. “Ɗan Kaduna, naka ya fi son shan iska,” in ji ta. “Ko in ara maka dutsena?” Kaka ya dafa kanta yana dariya. Har yau ina iya nuna maka daidai inda hannun nan ya sauka.

Ranar da matan gida suka tafi bikin suna a maƙwabta, Kaka kuma ya fita gaisuwa, na buɗe akwatin kayan aikinsa. Na ɗauki manyan ƙusoshi bakwai, na buga su a kogon da ke gindin reshena, na toshe bakin da laka. Washegari na ɗaga dutse, reshen ya zauna ƙasa daram. Na dubi taubashiyata ina jiran ganin hawaye.

Kaka ya tsamo shi, ya jinjina shi sau biyu. Sai ya aiki taubashiyata ta dubo ko mahaifiyarta ta sha magani. Da ta ɓace, ya miƙo mini filaya.

“Ruwa idan ya shiga itace ko'ina yake bi,” in ji shi. “Naka nauyinsa ya taru a gindi. Da na saka shi, tsatsa ce za ta halaka kifayen da kake ciyarwa da hannunka.”

Na ce, “Ai kai ne ka fi sonta.”

“Uwarta tana kwance, maigadi. Kai taka tana tsaye tana tuƙa tuwo. Zare mini ƙusoshina, kada ka lanƙwasa ko ɗaya.”

Na zare su ina kuka. Kwana biyar bayan haka saiwarta ta nutse, ruwanta ya yi garau, aka saka ta. Kifayen suka mai da ita gida, ni kuma kullum ina watsa musu abinci a kan nasarar wata. Shekaru bayan haka, da Kaka ya kwanta ciwon ajali, ya yi wasiyya a ba ni gilashin, a kai mata saiwar Katsina. Na san adalci ne. Sanin bai hana ni jin zafi ba.

Yanzu a kasuwa ana sayar da itacen roba wanda ke nutsewa nan take, ba dahuwa, ba jira. Na ƙi saye. Jiya na aika wa taubashiyata hoton tawa saiwar a cikin baho. Ta amso da hoton tata, baƙa wuluk, kifaye na kewaya ta, a ƙasa kuma ta rubuta: “Allah ya nutsar, maigadi. Kada dai ka nemi guduma.”

Ashe ta sani tun ranar. Na ajiye wayar, na je na ɗaga dutse. Saiwar ta taso. Na sake mata ruwa, na mayar da dutsen.