Limamin Kaji, Bayan Shekara Shida

Ina cikin taksi a Yamai Inna ta kira ni daga Tabla. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba tac ce: "Zabbi ukku sun murɗe wuya, suna ta kewaya wuri guda. Bari in sa a yanka tun da sauran rai, in aiko miki biyu."

Satin nan ne Kawu Sumaila, ƙanen Inna, ya cika shekara shida da rasuwa. Wallahi da naj ji maganar, sai da nad dafe kai.

Kawu ba likita ba ne. Horon ƴan kwanaki anka ba shi a Filinge, anka ba shi akwatin allura, shina bin garuruwa da keke har Bonkuku shina yi ma kaji rigakafi. Abin da ya haɗa shi da mutane guda ne. Wurinmu kaza ba ta mutuwa banza. Da ta fara layi, wuƙa ake nema kamin ta zama mushe, a ci, ko a kai sauran kajin kasuwar Baleyara a saida da araha. Shi ko cewa yake a gina rame mai zurfi a rufe su, a wanke hannu da sabuni. Don haka anka sa mishi suna Limamin Kaji. In ya wuce mutane su ce: "Liman, yau jana'izar wa?" Shi ce: "Ta hankalinku, amma gawar ta ɓace."

Ni ma na yi mishi dariya. Na ci romon da ya hana, har na lashe yatsa gabanshi.

Wata rana ya kama wata kaza, ya nuna mini kanta da ya juye sama. Yac ce: "Ke ƴar lakwal mai karatun boko, duba. Wannan ba ciwon wuya ba ne, abin ya kai ga kai. Da ido ba ni iya ce miki wane ciwo ne, masu murɗe wuya sun fi guda. Abin da ban sani ba, ba ni ci."

Kwanan baya, ina latse-latsen waya, na karanta yadda masu bincike ke sa ma ɓeraye da wata dabba mai kama da tunku ƙwayar murar tsuntsaye a hanci. Ashe wani irinta ba ya tsayawa a huhu. Shina iya bin jijiyar jin wari ya hau har ƙwaƙwalwa, dabba ta yi ta karkarwa, ƙafafu su mutu. Ɓera ba mutum ba ne, na sani, su ma sun faɗi haka. Amma na zauna ina kallon wayar ina tunanin mutumin da bai taɓa shiga laboratuwar, ɗakin bincike, ba. Da shina nan, ba zai yi murna ba. Zai tambaye ni ne ko masu binciken sun san kuɗin zabo guda a Baleyara. Ya san ba wauta ke sa mutane yanka ba. Zabbin nan su ne kuɗin magani, su ne cefane in hatsi ya ƙare.

Nac ce ma Inna kada a yanka, kada kowa ya taɓa da hannu, a rufe su cikin rame, a kira malamin dabbobi.

Tac ce: "Sumaila ya dawo ke nan, da muryar mace."

"Inna, don Allah."

"To, na ji. Ukkun za a rufe. Sauran goma sha ɗaya fa? In zauna in kalle su suna faɗuwa? Lahadi za su Baleyara."

Na yi magana har kiredin wayata ya ƙare. Ba ni da amsar da ta fi tata ƙarfi, Kawu ma shekara da shekaru bai samu ba. Abin da ya bari ke nan: rame guda bayan gida, da ƴar ƴar'uwa mai ciwon kai. Allah shi jiƙanshi.

Zabbin Inna dai sun tafi. Motocin da ke tasowa daga Baleyara nan Yamai suke sauke kaya. Ku da za ku ga zabo da araha satin nan ku yi hamdala, akwai wanda zai tsaya ya tambayi mai saidawa mi ya sa?