Shanun Babanka Nawa?

Ban fi wata uku da gama kwalejin horon malamai ba aka tura ni wata firamare a ƙauye, tsakanin Bodinga da Shagari. Zamanin farar hula ne, tsuke bakin aljihu ya fara gasa wa mutane aya a hannu. Alli sai an karya shi gida uku, littafi ɗaya yara shida.

Aji uku aka ba ni, da yara biyu da suka hana ni sakat. Ɗaya ɗan wani mai lambun albasa ne, sarkin rashin ji. In bai mintsini na kusa da shi ba, to ya fice ta taga. Bulalata ta ƙare a jikinsa, a banza. Ɗayan kuwa ɗan Fulani ne daga rugar bayan fadama, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Hedimasta ya ja mini kunne cewa da ƙyar aka samo shi, in ya tafi ba za mu sake ganin ɗan ruga a makarantar ba.

Wata rana a darasin lissafi na ce bari in jawo shi da abin da ya sani. Ni ga mai dabara. Na ce, "Kai, shanun babanka nawa?" Ya sunkuyar da kai. Na maimaita da ƙarfi, ina nuni da yatsu, ga alli a hannu ina jiran in rubuta a allo. Washegari bai zo ba. Aka yi mako guda babu labarinsa.

Ina ta bambami a aji, sai ɗan mai albasa ya ce, "Malam, ai kai kak kore shi. Ba a tambayar Bahillace yawan shanunai. Ubanai ya ce gwamnati ta tsiyace, jangali za ta maidowa, kai anka aiko ƙidaya."

Na kai hannu ga bulala, sai na fasa. Kunya ta rufe ni. Ashe kakar ja'irin Bafulatana ce, Fulatanci a bakinsa kamar a ruga aka yanke masa cibiya. Da la'asar na goya shi a keke muka tafi rugar. Na ba dattijo uban yaron haƙuri, ɗan mai albasa yana fassarawa, ina zargin ma har da ƙarin gishiri. Aka yarda ɗan ya dawo, amma zuwa faɗuwar damina kawai.

Na haɗa su benci ɗaya, na naɗa ɗan mai albasa tafinta. Duk abin da na faɗa, shi zai juya. Bakin nan da ba ya hutawa ya sami aikin yi. Ba waliyyi ya zama ba, don a watan ma sai da ya fasa mana tulun ruwa, amma ya daina bin taga. Lissafi kuwa da albasa da tsakuwa muka ci gaba da yi, ban ƙara ambaton saniya ba.

Gab da damina ciwon bushiya ya shigo cikin shanu. Sai ga dattijon a ƙofar aji da takarda daga ofishin dabbobi. Na ɗauka ɗansa ya zo ɗauka. Na miƙa hannu, ya ƙi ba ni. Ɗansa ya miƙa wa.

Yaron ya tashi riƙe da takardar. Ya bi ta baƙi bayan baƙi: za a yi wa shanu allurar rigakafi a Shagari, ranar kasuwa. Tafinta ya buɗe baki zai fassara, ɗan Fulanin ya dafa masa kafaɗa, ya juya maganar da kansa. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa hannuwana.

Dattijon ya naɗe takardarsa ya tafi. Ran Litinin ya dawo riƙe da ƙannen yaron biyu. Na ce masa aji ɗaya za a kai su, wancan ɗakin. Ya girgiza kai, ya nuna ɗan mai albasa da sandarsa, ya ce da Hausarsa mai tsami, "Kusa ga wanga."