Bitar La'asar a Gindin Gwaba

Har yau in na ji ƙararrawar keke bayan la'asar sai na ɗaga kai, don da ita Baba ke sanar da mu ya dawo daga aiki. A Unguwar Shanu muke zaune lokacin, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, a wani ƙaramin gida mai bishiyar gwaba a tsakarsa. Baba mai buga tafireta ne a ofishin da ke kula da dabbobi. Allo ya yi a Zariya, sai da ya girma ya shiga ajin manya ya koyi boko. Duk abin da aka miƙa masa a rubuce yakan kwafe shi tsaf, kuma da sauri. Mu a gida gani muke babu wanda ya kai shi Turanci.

Ina aji huɗu, da damina, ya ɓullo da sabuwar al'ada. Da ya jingine keke, Inna ta shimfiɗa masa tabarma a gindin gwaba, sai ya kira ni.

"Uwata, zo in ji abin da ake koya muku." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya faɗin sunana.

Tilo da jam'i muke yi a Turanci. Ya faɗi kalma, in faɗi jam'inta, in rubuta da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba ya daɗewa a kan masu sauƙi, waɗanda ake liƙa wa harafi ɗaya a wutsiya. Masu taurin kai yake so: "man" ya koma "men", "foot" ya koma "feet", "sheep" kuwa ko garke guda ne ba ya motsi. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, maimaita." Na ɗauka gwada ni yake yi, har kaina ya fara kumbura.

Wata rana ya tambaye ni jam'in "ox", wato sa. Ba mu kai nan ba, amma na ji kunyar cewa ban sani ba. Na tuna "box" da "boxes", sai na ce "oxes", na rubuta. Ya ce madalla.

Bayan kwana biyu malamarmu ta rubuta "oxen" a allo. Na dawo gida na tarar da Inna tana tankaɗe, na ce, "Inna, ashe Baba ma bai sani ba!"

Ta ajiye rariya. Ban taɓa ganin ta dube ni haka ba.

"Rufe mini baki. Zauna nan."

Murya ƙasa-ƙasa ta ba ni labari. An sa Baba ya tsara wasiƙa da kansa, ya ƙara wa "sheep" harafi a ƙarshe. Wani sabon akawu, wanda Baba ya kusa haifarsa, ya karanta ta a gaban mutane ana dariya. Ga shi jibi za a yi wa masu tafireta jarrabawa, wanda ya faɗi a mayar da shi masinja.

"Ba zai iya tambayar yaran ofis ba," in ji ta. "Ke ya zaɓa."

Sai a nan na gane ɓarnar da na yi. Shanu ne rabin aikin ofishinsu, ni kuwa na cusa masa kuskure.

"To yaya zan yi, Inna?"

"Kuskuren ai naki ne. Ki kai masa shi a matsayin naki."

Da la'asar na durƙusa a gefen tabarma. Na ce, "Baba, rannan na faɗi ba daidai ba, ka ƙyale ni don ka ga ko zan gane da kaina. Na gane." Na rubuta "oxen" da tsinke a ƙasa.

Ya ƙura wa rubutun ido. Sannan ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya dawo da idonsa kaina.

"Yauwa, dama jira nake." Ya yi gyaran murya. "Sake rubutawa, da manyan baƙaƙe."

Ya ci jarrabawar. Bai faɗa ba, tsire kawai ya shigo da shi a ƙunshe, Inna tana ta murmushi. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, sai ranar da na kai masa takardar ɗaukata aikin koyarwa. Ya karanta, ya ninke ta, ya ce, "Ai kin daɗe da fara aikin nan, Uwata."

Yanzu jikokina ke koya mini latsa waya. In na yi kuskure, a gaban baƙi ma sai su ce, "Haba Kaka, ba haka ba ne!" Ba na fushi, gaskiya suke faɗa, kuma ba da mugun nufi ba. Sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Abu ɗaya nake ta neman hanyar koya musu kafin in tafi: yadda ake gyara wa babba ya tashi da girmansa.