Wandon Gingimari

Ranar da na raka mijin yayata asibiti na huɗu, ni aka kama. Hawa biyu muka taka a ƙafa, kafin mu kai sama ina haki kamar wanda aka koro, gumi har cikin takalmi. Na samu benci na zube. Wata nas mai farin gilashi ta fito, ta dube ni, ta dubi wanda ke tsaye kusa da ni, ba ta tambayi kowa ba ta kama dantsena ta naɗa min abin awon jini.

"Baba, wannan tumbin sai an rage shi," in ji ta. "Dubi ɗan'uwanka mana, jiki tsaf, ba kitse ko kaɗan. Ka tambaye shi me yake yi."

Na ce, "'Yata, abin da muka zo tambaya ke nan. Shi ne mara lafiyar, ni ɗan rakiya ne."

Ta kwance abinta, ta ce duk da haka in rage gishiri. Mutanen benci suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don in ka cire ɗinki ba ni da wata sana'a sai ita. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne wanda muka zo dominsa.

Gingimari kowa ke ce masa, har jikokinsa. Mai faci ne, shekara talatin da wani abu a bakin babban titi, daidai inda manyan motoci ke tsayawa su huta. Rumfarsa kwano huɗu ce, da injin iska, da rabin duro na ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma taya ya ga inda take kumfa. Abin da ya sa direbobi ke wuce masu faci biyar su zo wurinsa shi ne noti. Notin tayar tirela in ya yi tsatsa, sai ƙarti uku sun taru a kansa. Shi kuwa sai ya zura sifana, ya ƙara mata dogon bututun ƙarfe, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya hau. Ba ya tsalle. Tsayawa kawai yake a sama yana ci gaba da hira da direba, can sai ka ji notin ya yi ƙara ya saki.

Na sha gaya masa cewa ba sana'a ya iya ba, nauyi ne kawai Allah ya ba shi. Yakan ce, "Kai ma ai an ba ka, Auta. Me ka taɓa kwancewa da shi ban da maɓallin riga?"

Auta suke ce min shi da Yaya, duk da furfurar da ke gemuna. Tun aurensu ni ke masa ɗinki, kuma ban taɓa sa masa tef ba. Ina duban mutum in yanka. Littafin awo na 'yan koyo ne, haka nake cika baki a shago. Wandonsa in na shimfiɗa shi a tebur, sai na kawar da almakashi da dutsen guga kafin ya samu wuri.

Bara ƙaba ta fito masa, abin da ba mamaki ga mai ɗaga tayar tirela. Aka yi masa aiki, kwana uku aka sallame shi. Har ɗinkin na duba, na ce da ni aka ba wa da ya fi haka kyau. Bayan wata ɗaya ya koma rumfa.

Ba a daɗe ba Yaya ta shigo shagona da ledar wandunansa a hammata, ta jira sai da mai karɓar kaya ya fita.

"Auta, rage masa ƙugu kaɗan. Kuma kar ka gaya masa."

"Yaya, satar yadi za ki sa ni da tsufana?"

"Bar wasa. Ka san shi da sa abu a rai. Mahaifinsa da rama ya fara, yana kallo har ya ƙare. In ya ga wando na zame masa, abinci ma daina ci zai yi. An ce bayan aiki akan faɗa, zai dawo."

Na rage. Ni kuma ba irin telolin nan ba ne da ke ninke saura a ciki su bar maka dunƙule yana cizon ka. Farkewa nake, in yanke, in bi baki da zare, in goge, ko mai wandon ba zai ce an taɓa ba. Bayan sati uku ta dawo da wasu biyu. Bayan sati uku kuma waɗancan na farko suka sake dawowa. Ƙyallayen da na yanke na share su tare da na kowa.

A titi kuwa barka ake masa. Direbobi na cewa Gingimari ya koma ƙaramar mota, wani ma har roƙon sa ya yi ya faɗa masa sirrin, wai matarsa ta dame shi da maganar tumbi. Shi kuma sai ya ja ƙugun wando ya nuna musu, ya ce, "Idonku ne. Ga wandona nan daram." Maganar nan har kunnena ta zo, na yi dariya, ina jin kaina gwani. Wata shida muka kwashe a haka. Ci yana ci, faranti biyu kamar kullum. Ba amai, ba zawo, ba zazzaɓi, ba inda ke masa ciwo.

Ina rumfar ranar da abin ya fito fili, na kai babur a sa min iska. Wata tirela ta tsaya, ya zura sifana, ya sa bututu, ya hau. Noti bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa. Shiru. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Gingimari ya yi tsalle. Bututun ya ɗan yi lilo da shi ya tsaya, yana sama kamar tsuntsu a kan waya. Direban, wani siriri da shi, ya ce, "Baba, bari in taya ka," ya hau kusa da shi. Nan take noti ya saki.

Ya sauko ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ɗaga hannu zai share gumi, agogonsa ya zame har gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallon agogon. Washegari ya ce a kai shi asibiti.

Muka fara da inda aka yi masa aikin. Likitan da ya yi an mayar da shi wani gari. Fayil kuma aka nema sama da ƙasa babu, wai rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo an kwashe takardu an zuba a wani wuri. Aka buɗe masa sabon kati kamar ranar aka haife shi. Ya hau sikeli, kilo saba'in da takwas. Likita ya dubi tsawonsa ya ce, "Malam, nauyinka daidai. Mutane kuɗi suke kashewa su samu haka."

"Likita, da na kusa biyun haka."

"To ai ka huta."

Duk da haka aka ɗebi jini. Aka duba suga, aka duba tarin fuka, aka duba cutar nan da ba a son faɗin sunanta, aka ɗauki hoton ƙirji. Lafiya lau. A asibiti na biyu aka sake ɗibar jini, aka ƙara da fitsari da bayan gida, aka shafa masa wani mai sanyi a ciki aka yi ta yawo da na'ura. Lafiya lau. A na uku aka ce damuwa ce, ya rage tunani, aka ba shi maganin ƙarin jini. Kowane wuri daga farko ake farawa: sunanka, shekarunka, me ke damunka. Ledar takardunsa tana ƙiba, shi yana ramewa, har na ce masa nan gaba ledar ce za ta riƙa rako shi. Ban taɓa ganin mutumin da ake wa albishir yana komawa gida kamar an yi masa rasuwa ba sai shi.

Wata rana a mota ya ce min, "Auta, ni fa ba magani nake nema yanzu ba. Suna nake nema. Ko mai muni ne a faɗa min, in san da wa nake faɗa."

Zuwa lokacin ya gano abin da muke yi da wandunansa, ai ba yaro ba ne. Da kansa ya miƙo min ɗaya ya ce, "Ungo, tunda kai da yayarka kun buɗe kamfani." Ba mu sake ta da maganar ba. Rumfa kuwa yana zuwa, amma iska kawai yake sa wa babura da kekuna. Manyan motoci sai su yi masa hon su wuce gaba.

To, mu koma asibiti na huɗu, bayan nas ta gama da tumbina. Likitar da muka samu a ciki yarinya ce a idona, amma ita kaɗai ce ta zazzage ledar nan ta karanta takarda bayan takarda. Ta sa ya cire riga. Ta kama fatar dantsensa ta ja, fatar ta biyo ta kamar hannun rigar da ya yi wa mutum yawa.

"Baba, kafin aikin kilo nawa kake?"

"Ban sani ba, 'yata. Yana cikin fayil ɗin da ya ɓata."

"Hoto fa?"

Hotonsa ɗaya ne a gidan, na bikin babbar 'yarsa, yana can baya don kar ya tare mutane, kai kawai ake gani. Ta juyo kaina. "An ce kai ne telansa. Ƙugunsa nawa ne da?"

Na ware hannuwa na nuna mata. Ta ce ba a rubuta hannu a takarda.

"Ni na yarda da ku," in ji ta. "Jikin nan ya gaya min. Amma babban likitan da zan tura ku wurinsa ba ku zai fara gani ba, takarda zai gani, kuma takardu ne tuli a gabansa. Abin da ke hannuna shi ne saba'in da takwas ya koma saba'in da huɗu a wata uku, a sikeli daban-daban. Da wannan, sai nan da wata biyar za a ba ku ranar ganinsa. Ku kawo min abin da zan auna da hannuna in rubuta. Ko tsohon wando ne, wanda ba a taɓa ba."

Sai na ga fuskar Gingimari ta washe. "Akwai!" in ji shi. "Akwai mai ruwan toka, na bikin 'yata. Sau ɗaya na sa shi, yana ƙasan akwati. Gobe da safe zan kawo miki."

A hanya shi ke ta hira. Ya tsokani kwandasta, ya sayi ayaba ya ci uku, ya ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita ce likita, sauran masu farin kaya ne kawai. Ya dube ni ya ce, "Auta, lafiya? Ko maganar gishirin ce ta kashe maka baki?" Na ce rana ce. Wata ɗaya kafin nan Yaya ta kwaso duk abin da ya rage a akwatin ta kawo min, wai kar ya riƙa zuwa gaban likitoci kamar wanda ba shi da kowa. Mai ruwan tokan na fi ɓata lokaci a kansa, don yadin mai kyau ne.

Muka isa gida da la'asar. Ko takalmi bai cire ba ya wuce ɗaki, ya janyo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya yi ta fitar da kaya yana zubawa a katifa. Yaya ta biyo mu da kofin ruwa, ta ga abin da yake nema, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ciro wandon a goge, a ninke. Ya warware shi ya kara a ƙugunsa. Ya zauna masa cif, har da ɗan saura. Ya juya cikinsa waje, ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa, yana neman inda tsohon zare ya bi. Ni na san ba zai samu ba.

"Baban yara," in ji Yaya, "ni na..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya zauna a bakin gado da wandon a cinya.

Na ce, "Maigida, abin ai mai sauƙi ne. Yau ɗin nan zan yanka maka wani irin na da, in wanke shi sau biyar, in murje shi a ƙasa ya tsufa. Gobe ka kai mata, ba wanda zai gane."

"Mutum ɗaya ta saurare ni a shekara guda, ita za ka sa in yi wa ƙarya?" Ya ɗago ya dube ni. "To in ma na yarda, ƙugu nawa za ka yanka?"

Na laluba aljihu na ciro tef, na ce to bari in auna shi yanzu, daga yau komai zan riƙa rubutawa da kwanan wata, kafin wata biyar mun tara wa babban likita abin karantawa.

Ya ture tef ɗin da bayan hannu.

"Mayar da abinka aljihu, Auta. Awon da ya rage min na kabari ne, tsawo kawai ake ɗauka, shi kuwa ba ku samu kun rage ba."