Ƙwaryar Kaka da Wasiƙar Ƙanena

Ran Asabar na ga wata ɗinkakkiyar ƙwarya a kasuwar Jimeta, gaban mai sayar da gyaɗa. Na daɗe ina kallon ɗinkin, har matar ta ce, "Baba, saye ka zo yi ko gadi?"

Kakata ce ta faɗo mini a rai. A ƙauyenmu, can gindin duwatsu bayan Mubi, ita ce mai ɗinke ƙorai. Bayan girbi takan zauna a inuwar tsamiya da basilla da zaren rama, tana rera waƙar coci a hankali, ƙamshin sabuwar dawa ya cika gida.

Ina ɗan shekara takwas na fasa ƙwaryar kununta. Na ɓoye gutsattsarin a bayan rumbu, na ce ƙanena ne. Ya sha bulala, bai tona ni ba. A Lahadin nan mai wa'azi ya ce akwai zunubi ɗaya da ba a gafartawa. Ban yi shakka ba, nawa ne. Bayan kwana uku na je na durƙusa gabanta.

"Kaka, ni ne."

"Na sani, maigidana. Je ka kawo gutsattsarin."

Ta yini tana ɗinki. Da ta gama ta ce, "Ba za ta ƙara riƙe kunu ba, amma za ta riƙe gyaɗa. Wadda ba ta ɗinkuwa ita ce wadda mai ita ya ƙi kawowa."

Allah ya ɗauke ta kafin masu bindiga su zo. Da farko sun tafi da ƙanena daga gona. Ranar da suka dawo suka ƙone cocinmu, mutane sun gan shi a cikinsu. Babanmu yana cikin cocin, bai fito ba. Muka gudo Yola da kayan jikinmu.

Shekara uku ke nan wani direba ya kawo mini wasiƙa daga ƙanena. Shi ya yi makaranta, ni gona na sani. Kunya ta hana ni ba wani ya karanta mini. Shi ya sa na shiga ajin manya a cocinmu na Yolde Pate, da furfurata, ina haɗa baƙaƙe kamar mai tsintar wake.

Watan jiya na iya karanta ta. Layi biyu ne. Ya ce ya baro masu bindigar. Ya ce, "Yaya, nawa zunubin ne wanda ba a gafartawa?"

Ban manta Baba ba, kada ka ce na manta. Amma na sayi ƙwaryar nan, matar ta juye gyaɗarta tana mini dariya. Na dawo gida na rubuta wasiƙata ta farko a duniya, kalma biyu: "Kawo gutsattsarin."

Na ba direban, ya ce bai san ko ƙanena yana nan inda ya bar shi ba. Tsamiyar ma, an ce, an sare ta. Ni dai kullum da yamma ina tsayawa a tasha, ina duba fuskar duk wanda ya sauko.