Bashin da Zubaidatu Ta Riga Ta Biya

Zubaidatu 'yar unguwar Hindawiyya ce a birnin Jidda, can aka haife ta, can ta girma. Kakanta ya taso daga Sudan da niyyar aikin Hajji, ya yi Hajjinsa, ya ga wuri ya zauna, har Allah ya sa ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun abin bai yi wuya ba. Ita ta tashi da Larabci a waje, Hausa a cikin gida, idan kuwa ranta ya ɓaci sai harsunan biyu su cakuɗe mata a baki. Tana aiki a wani kamfanin biskit a unguwar masana'antu. Da cika kwali ta fara, yanzu ita ke kula da matan da ke cikawa. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, sai ta dawo wurin mahaifiyarta, Inna Rahama, suka ci gaba da zama su biyu.

Da aka zo rushe tsofaffin unguwannin kudu, layinsu na ciki. Su 'yan haya ne, don haka suka tattara komatsansu cikin gaggawa suka koma wani bene, hawa na uku, babu lif. Ga Inna Rahama da ciwon gwiwa. Matar da ba a suna ko ta'aziyya a Hindawiyya ba ta je ba, sai ga shi ta koma kallon titi ta taga. Ranar asibiti kuwa sai an kira Ya'u, yayan Zubaidatu, ya ajiye motar kamfanin da yake tuƙawa ya zo ya sauko da ita.

Wannan ne ya sa Zubaidatu ta ƙudura sayen gida. Ta daɗe tana nema kafin ta dace da wani a hawan ƙasa, ɗakuna biyu da 'yar haraba inda tsohuwa za ta shimfiɗa darduma ta sha iska. Mai gidan, wani dattijo da ake kira Mish'al, zai koma Ɗa'if kusa da 'ya'yansa. Suka daidaita. Ya ce ta je ta gama da banki, zai jira ta.

A bankin, wata matashiyar ma'aikaciya mai suna Wejdan ce ta karɓe ta. Ta duba albashi, ta ce ya isa. Ta duba shekarun aiki, ta ce sun isa. Sai ta ƙura wa allon na'urarta ido.

"Ukhti Zubaida, akwai matsala a rahoton bashinki."

"Wane bashi? Ni ba mai bi na ko riyal."

"Nan an rubuta kin sayi mukayyif biyu a kan biya kaɗan-kaɗan, kin fara biya, kika daina. Muddin wannan na nan, ba za a ba ki bashin gida ba."

Zubaidatu ta san na'urorin sanyaya ɗakin nan sarai, ɗaya ma yana nan a ɗakin Inna yana ƙara. A wani shagon kayan lantarki na unguwar Sa'alaba ta saye su, kuma duk ƙarshen wata da ƙafarta take zuwa ta biya a hannu, har ranar da mai karɓar kuɗin ya ce mata halas, ta gama.

"Wallahi na biya. Kaf na biya!"

"Na yarda da ke," in ji Wejdan, "amma ni abin da ke rubuce nake bi. Ki kawo mukhalasa daga wurinsu, takardar da ke nuna ba sa bin ki komai."

Ta fita tana ganin abin ba zai wuce yini ɗaya ba. Ta hau tasi zuwa Sa'alaba, ta tarar da fili fetal inda shagon yake. Shi ma rusau ya ci shi. Ta koma gida ta zazzage akwatuna da ledoji tana neman rasit, babu ko ɗaya. Sun bi tarkacen da aka bari ranar tashi. Wa zai ɗauki rasit ɗin bashin da ya mutu, alhali ana ta kokawa da katifa da firji?

Da ƙyar ta gano cewa wani babban kamfani ya saye shagon da rassansa. Ta kira lambarsu, murya ta ce ta danna ɗaya, ta danna, aka sa mata kiɗa har katinta ya kusa ƙarewa. Da mutum ya ɗauka, ya ce wannan ba sashensu ba ne, ta je babban ofishi. Ta nemi izini a wurin aiki ta je. Babban ofishi suka ce tsofaffin basussuka an miƙa su ga kamfanin karɓar bashi. A kamfanin karɓar bashi kuwa wani saurayi ta tarar mai suna Raed, wanda bai ko ɗago kai sosai ba.

"Za ki biya yau ne ko a raba miki?"

"Ya akhi, ba biya na zo yi ba. Na ce maka na riga na biya."

"Kowa haka yake cewa. Ina rasit?"

"Ku ina naku? Ba ku ke da littafin ba?"

"Mu abin da aka turo mana ke nan."

Ta fito rana na dukanta, ta tsaya bakin titi tana maganganu ita kaɗai, rabi Hausa rabi Larabci, har wani mai wucewa ya juyo ya dube ta. Mafi zafin abin ma shi ne, tun daga ranar da ta ba su lambarta suka fara kiranta suna tuna mata da bashin, har tana tsakiyar aiki.

Ya'u ya zo ranar Juma'a bayan masallaci, ya ji labari, ya girgiza kai.

"Zubai, kuɗin nan ba su taka kara sun karya ba. Ki biya su kawai a wuce wurin. In babu, ni zan cika."

"Yaya, in na biya na amsa laifin ke nan. Wejdan ta ce ko na biya, tabon ba ya goguwa nan take, zai zauna a kan sunana cewa na taɓa cin bashi na ƙi biya. Ni da ko gishiri na ara wurin maƙwabciya ba na iya barci?"

"To gidan fa? Mutumin nan ba zai jira ki har abada ba."

Inna Rahama, da ke jingine tana shafa man zafi a gwiwa, ta ce, "Kada ki biya abin da ba ki ci ba saboda ni. Na saba da saman nan."

Zubaidatu ta san ba ta saba ba, kuma wannan maganar ta fi duk na Raed ci mata rai.

Wejdan ce ta nuna mata yadda za ta shigar da ƙorafi a ofishin da ke tattara rahoton bashin mutane. Ta shigar, ta zauna jira, kullum tana duba waya. Amsa ta zo gajeriya: an tuntuɓi kamfanin, sun tabbatar bashin na nan. Wato an tambayi wanda ya yi kuskuren ko ya yi kuskure, ya ce a'a. Ta karanta saƙon a wurin aiki, ta daka wa wata mai cika kwali tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta bi ta tana ba ta haƙuri.

Ba ta bari ba. Ta kai ƙara gaba, wurin hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni, ta rubuta komai dalla-dalla: inda shagon yake, shekarar da ta saya, watan da ta gama. Ta ce a tilasta musu su fito da takardun reshen Sa'alaba. Tana cikin wannan jiran Mish'al ya kira. Ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa. Wani ya zo da kuɗi a hannu, shi kuma 'ya'yansa sun matsa masa.

"Ya binti, na jira iyakar iyawata. Ki yafe ni."

Me za ta ce? Dattijon bai cuce ta ba. Ta ce Allah ya sa alheri, ta kashe wayar, ta shiga banɗakin mata na kamfani ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma bakin aiki.

Bayan an sayar da gidan ne gaskiya ta fito. Lokacin da ake haɗa bayanan tsohon shagon da na sabon kamfani, an zuba biyanta na ƙarshe-ƙarshe a asusun wata mata mai irin sunanta, ita ma Bahaushiyar Jidda. Aka aiko mata da mukhalasa ta waya, layi uku, babu ko kalmar ban-haƙuri. Ta koma wurin Raed da takardar, ba don komai ba sai don ya gani da idonsa. Ya duba, ya ce, "Mabruk, an rufe fayil ɗin," ya kira na gaba.

Sai da aka ƙara ɗaukar lokaci kafin tabon ya fita daga rahoton. Ranar da ya fita Wejdan ta kira ta da murna, ta ce yanzu banki a shirye yake, ta kawo gida kawai.

Gidan ne babu. Kafin ta gama wannan wahala farashi ya ɗaga, abin da bankin zai ba ta ba ya sayen irin na Mish'al a kusa. Waɗanda kuɗinta ya kai, ko dai suna sama, ko kuma can bayan gari inda Inna ba ta san kowa ba. Har yanzu suna hawa na uku. Duk Asabar Zubaidatu na bin dillalai unguwa-unguwa, kuma kafin ta shiga motar kowane sai ta tsaya ta ja masa kunne: hawan ƙasa take so, in ya san na sama zai kai ta, kada ya ɓata mata rana.